Neman Cutar da Ke Kama Cuta a Mambila

Tun da na dawo daga Mambila, duk inda na zauna tambayar ɗaya ce. A majalisarmu ta unguwar Bolori a Maiduguri, ƙofar shagon Modu tela, ba a miƙo mini kofi sai wani ya ce, "Babagana, wai da gaske ka ga itacen shayi da idonka?" Wasu so suke su ji ko gaskiya ne ana sa rigar sanyi a can a watan da mu nan zafi yake hana mu zaman ɗaki. Nakan ce e kawai. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna in faɗi abin daga farko, don wanda ya ji ya daina tambayata.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a sashen cututtukan tsirrai. Rabin rayuwata na yi shi ina wanke ƙananan farantan gilashi da dafa abincin da ake renon fumfuna a kai, a ƙarƙashin wani malami da kowa yake kira Dokta, ni kuwa Ba Kyari nake ce masa, wato Baba Kyari, don shi ya ɗauke ni aiki, shi ya tsaya mini a aurena.

Shekarun baya Ba Kyari ya je Mambila ya ɗebo ganyen shayi masu ciwo daga gonar wani dattijo, Jauro Hammadu. Ciwon wata fumfuna ce take kawo shi. Takan yi wa ganye tabo toka-toka mai zobba, ganyen ya bushe ya zube. In ka rene ta a faranti, fara tas take fitowa kamar auduga, cikin mako ta cika shi. Amma wadda aka samo daga wani lungu na gonar Jauro ba haka ta yi ba. Da ƙyar take yaɗuwa, gefenta a yage, in an ɗora ta a kan lafiyayyen ganye tabon da take yi bai fi ƙwayar gero ba. Abin da ya fi ba mu mamaki, in aka haɗa ta faranti ɗaya da mai ƙarfin, bayan kwanaki ita ma mai ƙarfin sai ta soma laushi.

Ba Kyari ya ce mini, "Babagana, ita ma cutar ba ta da lafiya. Akwai wata ƙwayar cuta, bairas, a cikinta, kuma tana shafa wa 'yan uwanta. In wannan ya tabbata, manomi ba sai ya sayi maganin feshi ba. Mai ciwon za mu ba shi ya watsa a gona."

Bai samu hanyar tura ta inda ake da na'urar tabbatarwa ba har ya yi ritaya. Sai ya kwashe kwalaben da ake ajiye ta a ciki ya kai gidansa a unguwar Gwange, ya sa su a firiza mai aiki da sola, yana lallaɓa su kamar jarirai. Ambaliyar da ta ci garinmu ta shiga gidan har saman taga. Da ruwa ya janye muka buɗe firizar, wari ne kawai ya tarye mu. Bayan wata biyu ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ranar da na je duba shi ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, harshensa da nauyi, ya ce, "Ka je. Gonar tana nan. Ka samo mini ita."

Na ɗauki hutu, na ari kula babba wajen maƙwabcina, na cika ta da ƙanƙara, na sa ambulan na takarda da almakashi a jaka. Matata Yagana ta ɗaura mini dambun nama, ta ce, "Mutane na zuwa Legas neman arziki, kai za ka hau dutse neman ruɓaɓɓen ganye." Ba ta yi dariya ba da ta faɗa, ni ma ban yi ba.

Na shiga motar haya, muka fita da sassafe, muka tarar da layin motoci a bakin gari ana jiran sojoji su buɗe hanyar Damaturu. Kusa da ni wata Hajja ce mai kai turaren wuta Jalingo. Ta dubi kular da na rungume a cinya, ta ce, "Malam, kifi ne? Na Baga?" Na ce babu komai ciki sai ƙanƙara. Ta tambayi abin da zan yi da ita, na yi mata bayani iya yina. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To Allah ya ba itacen lafiya," ta juya taga. A kowane shinge sai an sa na sauke kular na buɗe. Kafin mu kai Gombe rabin ƙanƙarar ya zama ruwa, wandona ya jiƙe sharkaf, yara masu tallar ruwa suna kallona suna ƙus-ƙus.

Na kwana a Jalingo a wani masauki kusa da tasha, ɗakin da fankarsa take juyawa amma ba ta ba da iska. Washegari muka bi ta Bali muka kai Serti, inda hawan dutse yake farawa. Mu mutanen Borno ba mu san tudu ba. Abin da muke kira tudu a gida, a can ko suna ba shi da shi. Hanyar tana nannaɗe dutsen kamar rawani, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami wanda in ka leƙa sai ka hango gawar wata mota. Kunnuwana suka toshe, na amayar da dambun Yagana a cikin leda a gaban mutane. Direba ya ce, "Baƙo ne ko? Kowa da haka ya fara."

Da muka kai sama sai sanyi ya shige ni ta ko'ina, ga ruwan sama siriri da ba ya tsayawa. Kaftani ɗaya ne a jikina. A Nguroje na shiga wajen masu gwanjo na sayi jaket mai kauri. Sai da na kwana biyu da ita kafin mai masaukina ya gaya mini cikin ladabi cewa ta mata ce. Ban cire ba.

Abubuwa da yawa a can sun bambanta da namu. Fulatanci ne harshen kasuwa, Hausarsu kamar tamu ce a Maiduguri, ta aro ce, kowa da irin karin da yake ɗora mata. Tuwon masara suke ci da wani ganye da suke kira kumbi, fiya kuwa tana zube a ƙasa awaki na ci. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shayinsu. Mu da ko itacen ba mu taɓa gani ba, mukan dafa shi sau uku a ƙaramar buta, ya yi ɗaci ya yi kumfa, mu zauna a kansa awa biyu. Su da suke nomansa, ruwan zafi suke zuba masa, su cika shi da madara, su shanye a tsaye su tafi.

Mai masaukin ya haɗa ni da wani ɗan acaɓa, Usumanu, mutum mai furfura a gemu wanda ya san kowace gona a yankin. Da na ambaci Jauro Hammadu sai ya ce, "Zan kai ka, amma ka gani da idonka ya fi in gaya maka."

A hanya na fara ganin shayi. Ba itace ba ne kamar yadda nake zato. Tsayinsa iya ƙugu, an daddatse samansa ya yi shafal kamar an shimfiɗa koren bargo a kan tudu. Mata da kwanduna a baya suna tsinkar toho, ganye biyu da ɗan tsiro, hannuwansu na tafiya kamar ba su kallo. Na ji daɗi a lokacin, shi ne kaɗai daɗin da zan iya cewa na ji a tafiyar nan.

Usumanu ya tsaya a gindin wani tudu ya kashe babur, ya nuna da baki. Dogayen itatuwan turare ne a jere, ƙasansu fayau, ko ciyawa babu. Na ciro zanen da Ba Kyari ya yi a tsohon littafinsa da ya ba ni: ga rafi, ga dutsen da ya yi kama da turmi, ga lungun da ya sa wa alama da jan biro. Komai yana nan, shayin ne babu. Jauro ya sayar da gonar, wanda ya saya ya tumɓuke shayin ya shuka abin da za a yi katako da shi.

Ina tsaye riƙe da littafi sai wata mata ta sauko daga gonar da ke maƙwabtaka, da kwando a baya. Usumanu ya ce Mama Rifkatu ce, mijinta ya rasu, ita take riƙe da gonar da jikoki huɗu. Da ta ji daga Maiduguri nake sai fuskarta ta washe.

"Kai yaron likitan nan ne mai dogon wuya? Wanda ya yi ta rarrafe a gonar Jauro yana duba ganye da gilashi?"

Na ce ni ne.

"Ya ce zai dawo mana da magani. Ka kawo?"

Na ce ban kawo ba, abin da za a yi maganin da shi na zo nema. Ta ja hannun jaket ɗina ta kai ni gonarta. Daga nesa kore ce. Da ka sunkuya sai ka ga tabon a ko'ina, manya-manya, wasu rassan sun bushe tun daga kai. Ta tsinko ganye ɗaya ta murza, ya farfashe a hannunta.

"Masu saye ba sa karɓar wannan. Na yi feshi ya tafi, ruwa ya sauka ya dawo. Bara kwando uku nake cikawa kafin azahar, bana ɗaya da ƙyar. Ɗana ya ce in tumɓuke in sa masara. Mijina ne ya dasa su da hannunsa, shekarar da muka yi aure."

Ita ce ta gaya mana Jauro yana raye, ya koma wajen 'yarsa a wani ƙauye a tsallaken iyaka, cikin Kamaru. Ta ce tana jin ya tafi da 'yan rassa daga gonarsa, don ba ya iya rabuwa da su. Da za mu tafi ta cika mini leda da fiya, ta sa Usumanu ya rubuta mata lambata a bangon ɗaki da gawayi.

Washegari muka kama hanyar iyaka. Awa uku a kan babur cikin jan taɓo. Sau biyu muka faɗi, sau ɗaya kular ta gangara cikin ciyawa na bi ta da rarrafe. Iyakar kanta igiya ce aka ɗaura tsakanin itace biyu, sai rumfar kwano a wannan gefe, wata a wancan, da ƙaramin rafi a tsakani. Mata na wucewa da buhunan wake a ka babu mai tambayarsu. Ni da kula da jaket ɗin mata, ni aka tsayar. Jandarman Kamaru ya yi mini Faransanci, na yi masa Turanci, Usumanu ya yi masa Fulatanci, a nan aka daidaita. Jandarman ya riƙe katina na shaida ya ce in karɓa in na dawo kafin la'asar.

Mun sami Jauro Hammadu zaune a bakin murhu, an lulluɓe shi da bargo biyu, idanunsa sun yi fari. Usumanu ne yake fassara. Da ya ji sunan Ba Kyari sai ya yi dariya har ya yi tari, ya ce yana tuna shi, mutumin da ya ƙi shan nono don yana tsoron ciwon ciki. Na tambaye shi lungun nan na kusa da dutse.

Ya ce, "Wannan lungu ko a shekarar da ciwo ya ci gonar kowa, shi tsaye yake. Mutane suka ce asiri na binne. Ban binne komai ba. Daga nan na yanko waɗanda na kawo."

'Yarsa ta zagaya da mu bayan gida. Itatuwan shayi guda huɗu ne, ba a datse su ba shekara da shekaru, sun yi tsawo sun wuce kaina. Na kamo reshe na duba. Akwai tabo, amma ƙanana, kamar an yayyafa gero. Na tsuguna a cikin taɓo ina ta salati, Usumanu yana tambayata ko maciji ne. Na yanki ganye daga kowane itace, sama da ƙasa, kowanne da ambulan ɗinsa, na rubuta, na jera su cikin leda a kan sauran ƙanƙarar da na samo a Nguroje. Jauro ya dafa kaina ya yi mini addu'a, ya ce in gaya wa Dokta shi ya yafe masa nonon da ya ƙi sha.

Daga nan komai ya soma lalacewa.

Jandarma ya ba ni katina bai ko dubi kular ba. A gefenmu ne wani jami'i ya ce ba a shigo da tsiro sai da takarda. Na nuna masa wasiƙar wurin aikina, ya ce wannan ta zuwa Mambila ce, ba ta ƙetare ba. Gaskiya ya faɗa. Ya sa na zazzage ambulan ɗin a kan benci, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa, wai ko wiwi ne. Hannunsa duk man gyaɗar da yake ci. Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah kar ka taɓa ganyen, a ido za ka gane." Ya ce, "Kai za ka koya mini aikina?" Ruwa na ɗiga ta ramin kwano a kan takardun. Sai da Usumanu ya ja shi gefe suka yi magana mai tsawo kafin ya ce mu kwashe mu tafi. Rubutun wasu ambulan ɗin ya riga ya narke.

Na ce ba komai, in dai na kai su gida da sanyinsu cikin kwana biyu, za su yi. Da muka sauko Serti na zagaya kasuwa neman ƙanƙara, aka ce kwana biyar babu wuta. Bayan Bali kuma motarmu ta yi wata ƙara ta tsaya a inda babu gari, babu inuwa sai ta wata ƙaya. Direba ya hau babbar mota ya tafi neman makaniki. Tun hantsi muke wurin har rana ta yi ja. Na cire jaket na lulluɓe kular, na tura ta ƙarƙashin mota, ina ta matsar da ita duk inda inuwa ta koma. Fasinjoji suka roƙe ni ruwan ciki don su jiƙa wa wani jariri kai, na ba su. Da na sa hannu ciki da yamma, ruwan ɗumi ne kamar na wanka.

Kwana huɗu na yi kafin in ga Maiduguri. Ban je gida ba, kai tsaye ɗakin gwaje-gwaje na wuce da jakata. Da na buɗe, yawancin ganyen sun yi baƙi sun yi yauƙi. Na zaɓi masu dama-dama, na wanke su da magani, na yanka gefen kowane tabo na ɗora a faranti, kamar yadda na yi sau dubu a gaban Ba Kyari. Na cika kanta guda da faranti.

Kwana uku, fiye da rabi suka rufe da fumfuna kore da baƙa, irin wadda take kama burodi, wadda ta hau ganyen a hanya. Na zubar da su. Sauran suka fito da wadda nake nema. Kullum da safe sai in ɗaga su a hasken taga ina neman guda ɗaya mai yagaggen gefe, guda ɗaya mai jan ƙafa. Babu. Fari tas, zagaye kamar an zana, cikin mako sun cika faranti. Na sake dasa su, na sake jira. Haka suka sake fitowa, lafiya lau, babu mai ciwo ko ɗaya. Ko zafin hanya ne ya kashe masu raunin ya bar masu ƙarfi, ko bairas ɗin ya bar itatuwan tun da daɗewa, ko ƙananan tabon nan dalilinsu daban ne, ban sani ba, kuma ba ni da abin da zan gane da shi.

Na kira Usumanu na roƙe shi ya koma ya yanko mini wasu, zan san yadda za a yi su iso. Bayan kwana shida ya kira ni. Ya ce ya je ya tarar ana zaman makoki, Jauro ya rasu. Baƙi sun yi yawa, itacen girki ya ƙare, ruwa ya hana zuwa daji, sai mijin 'yarsa ya sare itatuwan shayin nan na bayan gida. Ya ce ya duba ko zai samu ganye a ƙasa, awaki sun riga shi.

Mama Rifkatu ta kira ni sau uku da wayar wani. Na farko na ɗauka na ce ana kan aiki. Sauran biyun na bar wayar tana ringi a aljihuna har ta gaji.

Sati biyu ina kewaye Gwange, in hau keke in sauka a wata unguwa. Ranar wata Juma'a bayan masallaci na daure na shiga. Ba Kyari yana kwance a kan katifa a falo, bangon har yanzu da layin da ruwa ya bari. Matarsa Hajja Amsa ta tarye ni da wushe-wushe, irin sannu da zuwanmu na Borno, ta shimfiɗa mini darduma kusa da kansa, ta tsaya a bakin ƙofa don ta ji labari.

Na ba shi labarin hanya, na gaya masa saƙon Jauro, ya yi murmushi da rabin bakinsa. Ban gaya masa Jauro ya rasu ba. Ya bar ni na gama kewaye-kewayena, sannan ya ce, "Farantan?"

Na ce, "Ba, sun fito. Lafiya lau suka fito."

Hajja Amsa ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! Kai, Alhamdulillahi! Tun da ka tafi mutumin nan bai yi barcin kirki ba. Ka ji ko, Dokta? Lafiya lau." Ta juya ta nufi kicin tana cewa yau sai na ci burabusko da miyar da ta fi kowace, ba zan fita gidan nan haka ba.

Ba Kyari bai ɗauke idonsa daga kaina ba. Ya ce, "Dukka?"

Na ce, "Dukka, Ba."

Ya juya fuskarsa bango. Muna jin Hajja a kicin tana kiran 'yarta a waya tana gaya mata aikin babanta ya yi kyau. Da ta kawo abincin na tashe shi zaune, na jingina shi da filo, na riƙa ba shi a baki da cokali. Ya ci, ni ma na ci. Tana tsaye a kanmu tana ƙara mana miya, babu wanda ya gaya mata.